Bindigar iska mai araha da ta ƙi bugun saiti: abinda muka tarar da muka bi diddiginta

Wannan rubutun akan bindiga guda ɗaya ne tak, bindigar iska irin wadda ake karya bututunta a cusa harsashi a mayar, cikin masu arahan nan da ake haɗowa da madubin saiti a kwali ɗaya. Ta ƙanina ce. Sunan kamfanin bazan kama ba, don abinda muka tarar a jikinta ba ciwonta bane ita kaɗai, duk wanda ya taɓa riƙe irinsu a wannan ajin zai ce ai tawa ma haka tayi min.

Ga siffarta a taƙaice. Faɗin bakinta milimita 4.5 ne, wanda ake rubutawa .177, sifirin ne ke tura ta, ƙotar ta baƙar roba ce, akwai saiti na gaba da na baya akan bututun, sai madubin da aka haɗo mai lamba 4x32, wato yana kusanto da abu sau huɗu kuma gilashin gabansa milimita 32 ne. A jikin kwalin an buga da manyan baƙi wai harsashinta na gudun ƙafa 1000 a daƙiƙa ɗaya. Ƙorafin mai ita kuma guda uku ne, in ya harba tana wata irin ƙara har da hayaƙi da ƙauri, a nisan mita 20 gwangwani ma sai an yi sa'a ake samu, sannan ya murɗa abin saitin madubin sama har ya ƙure amma har yanzu ƙasa take bugawa. Abinda yace min shine, "Yaya wallahi an cuce ni kawai, bututun nan a karkace yake." Nace masa toh bari mu gani tukunna, don karkataccen bututu shine abu na ƙarshe da nake zargi a irin wannan, kafin a kai gare shi akwai abubuwa da yawa da suka fi shi aikata wannan laifin.

Abinda ke faruwa a cikinta

Sai an gane wannan sannan sauran bayanin zai shiga. Bayan bututun akwai silinda, cikin silindar akwai fistin mai roba a kansa, bayan fistin ɗin kuma sifirin ne mai kauri. In ka karya bututun ka ja shi ƙasa, akwai wani dogon ƙarfe da ya haɗa shi da fistin, shi zai tura fistin ɗin baya ya matse sifirin har sai ya maƙale a ƙugiyar kunama kaji ƙas. Babu wata iska da aka tara aka ajiye a ko'ina. Sai ka danna kunama ne fistin zai ɓalle ya ruga gaba ya matse iskar da ke gabansa, ta kutsa ta wani ɗan ƙaramin rami ta tura harsashin. Abinda mutane da yawa basa kawowa a rai shine fistin ɗin nan ya fi harsashin nauyi sau ɗaruruwa, kuma shi ke fara motsi tun harsashin bai gusa ba, don haka bindigar zata yi baya lokacin da ya tashi sannan ta fizgo gaba lokacin da yaje ƙarshe ya tsaya, kuma mafi yawan wannan rawar tana faruwa ne harsashin na cikin bututu bai gama fita ba. Kusan duk matsalar da muka samu daga wannan shurin mai fuska biyu ta taso.

Maganar 1000 ɗin da ke jikin kwali

Ba ƙarya bace tsagwaronta, amma dabara ce ta kasuwa. Ana samo wannan lambar ne da harsashi mara nauyi wanda ba na dalma ba, irin mai nauyin gren 5.4 (gren ɗan ƙaramin ma'auni ne na nauyin harsashi) ko kusa da haka, wato wajen giram 0.35, alhali harsashin dalma da kowa ke harbawa a .177 yakan kai gren 7.9 zuwa 8.4, giram 0.5 da ɗan wani abu kenan. Da aka ɗora ta a na'urar auna gudu da na dalman, a kewayen 800 ta tsaya, ƙanina har ya fara cewa kaga ni ko, ɗari biyu sun cinye min. Toh amma yi lissafi ka gani. Ƙarfin harsashi ana samunsa ne in ka ninka nauyinsa a gren da gudunsa, ka sake ninka abinda ka samu da gudun, sai ka raba da 450240. Gren 5.4 a gudun 1000 zai baka kusan 12, gren 8.4 a gudun 800 shima kusan 12 zai baka, wato wajen 16 in an mayar da shi jul, ma'aunin ƙarfi. Kaga ƙarfi ɗaya ne, babu abinda aka cinye masa, lamba ce kawai aka zaɓi wadda ta fi ɗaukar ido.

Ni a wajena ma 800 ɗin tafi. Sauti na gudun wajen mita 343 a daƙiƙa, ƙafa 1125 kenan ko kusa, kuma harsashin bindigar iska in ya doshi wannan iyakar sai ya fara tangaɗi a hanya, shi yasa waɗanda suka daɗe a harkar basa neman abinda ya wuce 900. Harsashi mara nauyi kuma baya tare iskar yadda ya kamata, sai fistin ya je ya daki ƙarshen silinda da ƙarfi, a hankali robar kansa da sifirin su ci wuya. Sannan kada wani yaji jul 16 ya ɗauka abin wasan yara ne. A Ingila wannan ce iyakar da doka ta yanka, in doguwar bindigar iska ta wuce haka sai da lasisin makami, a Jamus kuwa iyakar jul 7.5 ce, wannan ta ninka ta kenan. Kowace ƙasa da tata dokar, kuma ya kamata mutum ya san ta inda yake kafin ya saya ba bayan ya saya ba.

Ƙara da hayaƙi

Wannan bai ɗauke mu lokaci ba. Iska in aka matse ta farat ɗaya zafi take ɗauka sosai, zafin da ya isa ya kunna mai, yadda injin dizal ke tashi ba tare da fulogi ba. Sabuwar bindiga mai araha takan zo da mai da giris cunkus a silinda don kar tayi tsatsa a ajiye, kowane harbi sai ɗan wani ya ƙone, shine hayaƙin da ƙaurin. Ɗan kaɗan ba komai bane, yana raguwa da kansa. Amma tasa ƙarar tayi yawa, da na matsa shi da tambaya sai yace ai ya ɗiga mata man keken ɗinki ta ɗan ramin nan da ke bayan bututu don tayi laushi. Nan ne gizo ke saƙa. Man da aka samo daga fetur ba'a sa shi a wurin, fashewa yake ba ƙonewa ba, yana iya babbake robar fistin ko ya karya sifirin, kuma gudun harsashi sai ya riƙa hawa da sauka, wannan ya fita da ƙarfin tsiya na bayansa ya fita salalo, ta ina saiti zai zauna. Maganin dai shine a daina, a ci gaba da harba harsashi mai ɗan nauyi har man ya ƙare. In ma za'a sa mai wata rana to na silikon ne da akayi domin wurin, ɗigo ɗaya ko biyu bayan dogon lokaci. Bututun kuma muka goge shi da ƙananan ƙyalle da aka ɗaura a igiyar roba ana jawowa daga baya zuwa gaba, na farko ya fito baƙi ƙirin, muka yi ta canzawa har ya fara fitowa da ɗan haske. Ba'a tura sandar ƙarfe, ƙarfen bututun bindigar iska bashi da taurin na bindigar albarushi, kuma bakinsa na gaba in ya samu tabo ko kaɗan shikenan saiti ya tafi.

Sukurori

Abu na biyu da nayi shine na cire madubin gaba ɗaya na ajiye gefe, don in kana neman mai laifi cikin mutum biyu ai sai ka raba su. Sai na ɗauko sukudireba na bi sukurorin da suka riƙe ƙarfen bindigar a jikin ƙota, guda biyu a gaba ta gefe da gefe, sai na bayan kariyar kunama. Na gefen hagu da yatsa ma yana juyawa. Na dama ya fi shi dama-dama amma shima ya ci rabin zagaye kafin ya kama. Wato duk harbin da yake yi, ƙarfen na rawa a cikin ƙotar, yau ya zauna nan gobe ya zauna can. Wannan ba sai mai araha ba, ko masu tsadan suna kwance sukurori saboda girgizar, bambancin shine mai arahan tun daga kwali take zuwa a haka, da mai a jikin zaren sukurun kuma, babu wanda ya tsaya ya duba. Muka kwance su ɗaya bayan ɗaya, muka goge man tas, muka ɗiga Loctite, wato gam ɗin da ke hana sukuru kwancewa, mai launin shuɗi muka ɗaure daidai ba tare da an yi masa ƙarfin hali ba don kar robar ƙotar ta tsage. Shuɗin fa nace, jan in ka sa sai da wuta zaka kwance. Aka bar ta ta kwana. Wannan gyaran kaɗai, da saitin kan bututu a mita 10, harsasan da ke watsuwa ko'ina a takarda suka fara taruwa waje ɗaya, tun daga nan ƙanina ya rage maganar karkataccen bututu.

Gaɓar da take karyewa ma mun duba. Gwajin mai sauƙi ne, bayan ka ɗana ta, kana riƙe da bututun, ka ɗaga shi rabi ka sassauta hannu, in ya tsaya inda ka bar shi to lafiya, in ya zube ƙasa da kansa to gaɓar ta saki. Tasa ta ɗan saki, amma an yi sa'a sukuru ne ya riƙe ta ba fin da aka dake ba, don wasu masu arahan fin ne kawai, in ya saki babu abinda zaka ɗaure. Washan da ke gefe da gefen gaɓar na roba ne, wannan ɗaya ne daga wuraren da aka rage kuɗi, zasu cinye da tafiya kuma dole wata rana a canza su da na tagulla. Zoben robar da ke bayan bututu inda ake cusa harsashi shima mun gwada, aka shimfiɗa 'yar tishu akan gaɓar aka harba, da iska na zurarewa da ta yi sama, amma ko motsin kirki batayi ba.

Riƙo

Anan na fi daɗewa da shi, don anan ne rabin laifin yake kuma ba na bindigar bane. Yadda yake yi shine ya damƙe ta tamau, ya danna ta a kafaɗa da ƙarfi, wani lokacin ma ya ɗora gabanta kai tsaye akan katako don kar ta motsa. A bindigar albarushi wannan na iya yin aiki, a ta sifirin kuwa shine hanyar ɓata harbi. Tunda dole sai tayi rawarta kafin harsashi ya fita, kuma babu mai ƙarfin da zai hana ta, abinda ake so shine tayi rawar iri ɗaya kowane lokaci. In ka damƙe ta, damƙar yanzu ba zata zama daidai da ta anjima ba, hannu na gajiya, kafaɗa na sakewa, kowane harbi da inda bakin zai kasance lokacin da harsashi ya fice. In ka ɗora ta akan abu mai tauri kuma tsalle take yi. Sai nace masa buɗe tafin hannunka ka ɗora ta akai kawai kar ka naɗe yatsu, wuri ɗaya kullum, ɗan gaba da kariyar kunama inda nauyinta ya daidaita, gindin ya taɓa kafaɗa taɓawa kawai, kuncinka ya kwanta a hankali, in zaka jingina to bayan hannunka ne zai hau matashi ba bindigar ba. Bayan ka danna kunama kuma kar ka ɗago kai da sauri don ganin inda ta buga, ka ci gaba da kallon wurin har sai kaji harsashin ya sauka.

Yace, "Yaya ai sai ta kuɓuce." Bata kuɓucewa, shurin bai kai nan ba. Da farko abin yayi masa banbarakwai, harbin ma ya ƙara lalacewa don hannunsa na komawa tsohon hali ba tare da ya sani ba, ina tsaye a gefe ina ganin yatsun na naɗewa da kansu daidai lokacin da zai danna. Amma da ya saba sai ga bambanci ƙarara. Ni abinda na lura da shi shine bindiga mara nauyi mai ƙarfin sifirin, wato ainihin irin waɗannan masu arahan, ita tafi kowacce rashin yafiya akan riƙo, don babu nauyin da zai shanye girgizar. Masu ƙera su na neman babbar lamba a kwali da kuma bindigar da zata ji sakayau a hannun mai saye, waɗannan biyun kuma in suka haɗu mai koyo ne ke shan wahala.

Harsashi

Wanda yake amfani da shi irin mai tsini ne na cikin leda, na zuba kaɗan a tafin hannu muka duba tare, wani gindinsa ya lotse, wani da ɗan bakin dalma a gefe inda aka haɗa, in ka cusa wani sai ya faɗa ciki lus wani kuma sai ka danna da ƙarfi. Harsashin bindigar iska ƙugunsa siriri ne kamar kalangu, kai a gaba, gindi mai rami a baya, kuma wannan gindin ne iska ke buɗawa ya kama tsagin cikin bututu, in ya lotse tun kafin a harba to iska zata bi gefe. Mai tsini kyan gani ne da shi kawai, da wuya tsinin ya zauna a tsakiya cif, shi yasa a nesa yake baɗewa. Mai faffaɗan kai na takarda ne a kusa, shi ake harbawa a gasar mita 10 don yana yanka rami tsaf, amma in an wuce mita 20 zuwa 25 mai zagayayyen kai ne sarki. Kamfanoni irinsu JSB na ƙasar Cek da H&N da RWS na Jamus har girman kan suke bambantawa, zaka ga 4.50 ko 4.51 ko 4.52 a ƙasan gwangwanin harsashin, kuma wannan ɗan bambancin da ido baya gani bututu na jinsa. Babu wanda zai gaya maka wanda taka zata so, ko bindiga biyu daga kamfani ɗaya kowacce da zaɓinta, sai an gwada. Tasa ta zauna da wani mai zagayayyen kai mai nauyin gren 8.4. Da shi, da sukurori a ɗaure, da riƙon da ya gyaru, bayan ta ci kusan gwangwani guda mai 500 ta gama ƙone manta ta kuma yi laushi, harsasai biyar a mita 20 suna taruwa cikin wajen santimita 3 da saitin kan bututu kawai. Bindigar da aka ce bututunta a karkace yake kenan. Dalma dai guba ce, a wanke hannu bayan an gama, kuma kar a riƙa saka harsashi a baki don saurin ɗauka.

Madubin

Da muka mayar da madubin sai matsala ta dawo, nan muka tabbatar ashe shine babban mai laifi na biyu. Abu uku ne suka haɗu masa. Na farko, saitin kan bututu yana tafiya tare da bututun duk inda ya kalla, amma madubi akan silinda yake zaune, kuma a bindigogi masu karyewa da yawa bututun yana ɗan sunkuyar da kai ƙasa in an kwatanta shi da silindar, ɗan kaɗan ne da ido baya kamawa amma a mita 20 ya isa ya kai harsashi ƙasa sosai. Shi yasa ya murɗa sama har ya ƙure. Na biyu, in ka murɗa har ƙarshe haka, ɗan sifirin da ke tokare gilasan cikin madubin sai ya saki, layukan saitin su riƙa yawo da kowane shuri, kai kana ganin suna nan daram alhali sun gusa. Na uku, ƙafafun da suka riƙe madubin akan layin milimita 11 da ke saman silindar basu da ɗan fin da ke shiga rami ya hana su zamewa, na sa alama da fensir a jikin layin, bayan ɗan harbi sai ga ƙafar baya ta ja da baya ta rufe alamar.

Mun gwada dabarar da aka saba, a yanko 'yar siririyar roba a shimfiɗa ƙarƙashin madubin a zoben baya don ya ɗan sunkuya shima ya bi bututun, sai a dawo da abin murɗawar tsakiya. Ta yi aiki na ɗan lokaci. Amma shi kansa madubin ba'a yi shi don shurin gaba da baya ba, madubai da yawa an gina su ne su jure bugun baya kawai, fizgar gaban nan ita ke kwance musu ciki, kuma nasa bai daɗe ba aka fara jin wani abu na kaɗawa in an girgiza shi. Sannan in ka ɗan motsa kai kana leƙawa a mita 10 sai kaga layukan na yawo akan abin da ka auna, don an daidaita shi ne da nisan da ya fi haka kuma babu wurin gyarawa. Gaskiya in ka tambaye ni, wannan madubin an saka shi ne don kwalin ya cika, araha bata ado dama, kuma da sun bar shi sun zuba kuɗinsa a kunama da sun fi kyautawa.

Kunama da abinda bai gyaru ba

Kunamar ce ciwon da muka bari. Tana da nauyi, tana da doguwar tafiya, kana ja tana ƙartar wani abu a ciki kuma baka san takamaimai inda zata saki ba, yau nan gobe can. Akwai ɗan sukurun gyara a bayanta amma murɗa shi bai rage nauyin ba, tsawon tafiyar farko kawai ya ɗan canza. Ƙanina yaso a kwance a goge ƙugiyar da fayil don ya ga ana yi, na hana, don taurin waɗannan ƙarafan a fatar sama kawai yake, in ka cinye shi sai ƙarfe mai laushi ya bayyana ya riƙa cinyewa da kansa, wata rana bindiga ta tashi ba'a taɓa ta ba. Anan ne ake gane inda kuɗin masu tsada ke tafiya. Weihrauch na Jamus suna yin HW35 tun 1951 har yau, kuma kunamarsu mai suna Rekord ita ake auna sauran da ita, Diana 34 kuma da ta fito a 1984 sai da masana'antun Sin suka yi ta kwaikwayonta, siffa ɗaya tsari ɗaya, amma gogewar ciki da dacewar ƙarafa ba ɗaya ba. Tsarin ba sirri bane, kowa zai iya yi, lokacin da ake ɓatawa wajen gyara kowane gefe da duba kowace ɗaya kafin ta fita shine ake biya.

Akwai kuma ƙugin sifirin, wani zirrr da kake ji a kunci bayan kowane harbi, saboda sandar da sifirin ya hau kanta bata cika shi ba sai ya riƙa kaɗawa. Ana rage shi da giris mai kauri ko a canza sandar, amma sifirin a matse yake ko ba'a ɗana ba, buɗe shi ba tare da abin matsewa ba na iya fasa wa mutum fuska, don haka muka ƙyale. Masu silindar gas a madadin sifirin, wanda kamfanin Theoben na Ingila ya fito da shi a farkon shekarun 1980, basu da wannan ƙugin, sai dai shurin mai fuska biyu yana nan, riƙon ma haka, madubi ma suna cinye shi.

Abu ɗaya da na nanata masa har ya gaji da ji shine duk lokacin da zai sa harsashi, hannu ɗaya na riƙe da bututun gam, gindin na tokare a cinya ko ƙugu, yatsa nesa da kunama. Akwai abin kariya a ciki da ya kamata ya hana ta tashi a buɗe, amma a bindigar da muka tarar da sukurorinta a sake bazan jingina yatsuna da shi ba. In ta ɓalle a buɗe bututun zai daki sama da ƙarfin sifirin gaba ɗaya, yatsa ya tafi, ƙota ta tsage, kuma a nan ne bututu ke karkacewa da gaske. Ba'a kuma harba ta babu harsashi a ciki, ba'a barinta a ɗane ta kwana.

Yanzu dai madubin ya koma kwali, da saitin kan bututu yake harbi tsakanin mita 10 zuwa 25, takarda da gwangwani, a gaban tudun ƙasa da zai tare harsashi. In ya wuce mita 30 harsashin na fara faɗuwa sosai kuma iska na ɗaukarsa, kunamar ma sai ta fara nuna halinta, don haka bama matsa mata a can. Sukurorin yana bi da sukudireba duk lokacin da ya buɗe sabon gwangwani, na gaɓar ya sake neman ɗauri sau ɗaya tun daga lokacin. Abinda ya rage a jerinsa shine ƙafar madubi guda ɗaya doguwa mai fin ɗin tsayawa wadda aka yi ta da ɗan gangare don irin wannan sunkuyon, da madubin da aka rubuta a jikinsa cewa na bindigar sifirin ne, sai washan tagulla guda biyu.